Masu Jan Igwa a Dir'iyya

La'asar ta yi sakaliya lokacin da Gali ya fito da motar daga garejin kamfani a unguwar Badi'a, ya kama hanyar Dir'iyya. Watan Janairu ne. Sanyin Riyad na wannan lokaci ba ya ihu, a hankali yake bin ƙashi. A gefensa Baba Saidou ya naɗe kai da jan rawani, yana ɗumama tafin hannu da kofin shayi na takarda.

Gali mutumin Gumel ne. Aikinsa tuƙa motar nan mai dogon hannu da ƙugiya a baya, wadda Larabawa ke kira winshi. Janareto, bututun siminti, duk abin da ya fi ƙarfin mutane shi ake kira. Baba Saidou kuwa Bagobiri ne daga ƙasar Maradi, ya girme shi nesa ba kusa ba, zanen gidansu na nan raɗau a kumatunsa. Shi ke ɗaura bel a jikin kaya, ya ɗaga hannu a ja. Ɗaki ɗaya suke kwana, tukunya ɗaya suke ci. A duk kamfanin an san Baba Saidou da hali guda: ba ya iya ganin mutum na fama da kaya ya wuce. Ko a bakin shago ya ga wani yana kokawa da buhun shinkafa, sai ya ajiye abin hannunsa ya kama masa.

Da rana injiniyan kamfanin, wani Bamisire da kowa ke kira muhandis, ya kira Gali ofis. Ya ce akwai tsofaffin igwa biyu a wata tsohuwar maƙabarta a gefen kwarin Hanifa. An ba kamfani aikin kwaso su, a kankare tsatsa, a ajiye su inda baƙi masu yawon buɗe ido za su gani. Gobe da safe manya za su zo dubawa. Ya danƙa masa makullin ƙofa, ya ce, "Ka kawo su yau, gobe in sa hannu a hutunka."

Hutun nan Gali ya daɗe yana roƙonsa. Mahaifiyarsa na kwance a Gumel, kullum ƙanwarsa ta kira sai ta ce Inna na tambaya yaushe zai zo. Bizar fita da dawowa kuwa ba ta samuwa sai kamfani ya yarda. Don haka bai tsaya musu ba, ya karɓi makulli.

Cunkoso ya riƙe su a hanya. Kafin su gangara kwarin, rana ta yi ja, ta rataya a kan tsofaffin ganuwar laka na Dir'iyya da ake ta gyarawa.

Baba Saidou ya dubi sama ta gilashi. "Gali, mu bari sai sahe mana. Ba a shiga makwantai da ƙarar inji ga almuru."

"Baba, ɗaurawa ce da ɗagawa kawai. Kafin a kira salla mun fito, mu yi Magariba a masallacin bakin titi."

"Kai dai hutunka kake hange."

"Wallahi shi nake hange. Ka san halin da Inna ke ciki."

Tsohon ya shanye sauran shayin, ya matse kofin a hannu. "To, Allah shi kai mu lahiya."

Suka bar kwalta, suka bi wata hanyar tsakuwa a bayan gonar dabino. Wani Basudane mai aikin gonar yana kora awaki zuwa gida. Da ya ga winshi sai ya tsaya, ya dubi motar, ya dubi inda ta nufa. Ya ɗaga hannu ya ce da Larabci, "Gobe, ɗan'uwa. Gobe." Gali ya ɗaga masa hannu shi ma, kamar gaisuwa ce aka yi masa, ya wuce. Ta madubi ya ga mutumin na tsaye bai motsa ba.

Maƙabartar na ƙarshen hanyar, a gindin wani tsauni. Katangar laka ce gajera, da ƙofar ƙarfe da aka sa daga baya. Makullin ya buɗe ba gardama.

"Assalamu alaikum, ya ma'abota ƙaburbura," in ji Baba Saidou, ya shiga da ƙafar dama.

Ƙaburbura ne irin na ƙasar, tudu-tudu ƙanana, dutse a kai, dutse a ƙafa, babu suna. A tsakiya akwai dandamali na duwatsu, da ginshiƙi tsaye a kansa, an manna masa allon dutse mai rubutu. Iska da yashi sun cinye rabin haruffan. Baba Saidou ya yi karatun allo a ƙuruciya, ya matsa ya bi rubutun da yatsa. Ya ce don tunawa ne da waɗanda suka faɗi a yaƙin da aka kewaye garin, kusan shekara ɗari biyu da suka wuce.

Igwa biyun na kwance a gefen ginshiƙin. Ɗaya ƙarama, a kan dandamali. Ɗaya kuwa babba ce, baƙa ƙirin, doguwa kamar gungumen giginya, rabinta ya nutse a ƙasa, bakinta na kallon kufan garin. Bayanta, can jikin katanga, akwai wani dogon tudu guda ɗaya. Ba shi da dutse a kai, ba shi da dutse a ƙafa. Ko ciyawa ba ta fito a kansa ba.

Baba Saidou ya zagaya babbar igwar, ya girgiza kai. "Wanga abu, wa ya jawo shi har nan, babu winshi?"

"Muhandis ya ce tun daga bakin teku aka jawo su. Raƙuma da bayi."

"Cikin hamadar nan?"

"Haka ya ce."

Tsohon ya juya ya dubi dogon tudun.

Akwai fili a jikin katanga inda babu ƙabari. Gali ya shigo da motar da baya a hankali, ya sauke ƙafafunta na ƙarfe, ya tsaya a wurin libobin sarrafa ƙugiya a bayan kan motar. Baba Saidou ya ɗaura wa ƙaramar igwa bel, ya ɗaga hannu. Ta taso cak, ta yi lilo kaɗan a iska, ta kwanta a bayan mota kamar ba komai.

Gali ya yi dariya. "Ka gani, Baba? Saura ɗaya."

Babbar sai an haƙa ƙarƙashinta kafin bel ya ratsa. Baba Saidou ya ɗauko shebur ya durƙusa. Ƙasar ta yi tauri a sama, amma da ya ɗan nutsa sai ta zama laushi, da danshi, a wurin da aka daɗe ba a ga ruwan sama ba. Can ya dakata.

"Zo ka gani."

A gindin igwar akwai zoben ƙarfe. An ɗaura masa igiya mai kaurin damtse, saƙar zaren dabino. Ta fito daga zoben ta nutse cikin ƙasa, ta nufi dogon tudun. Gali ya taɓa ta da ƙafa. Ba ta ruɓe ba. Baƙa ce da maiƙo, kamar igiyar rijiya da hannuwa suka daɗe suna murza.

Baba Saidou ya ɗora tafinsa a jikin igwar, ya janye da sauri.

"Ƙarhen nan da ɗumi."

"Rana ce ta dake shi."

"Wace rana, ga sanyin nan?"

Gali bai taɓa ba. Bai so ya sani. Ya ce, "Ratsa bel ɗin kawai, Baba."

Daidai nan aka fara kiran salla. Daga wani masallaci can ƙetaren kwari, sannan wani ya karɓa, sannan wani. Muryoyin na zuwa sama-sama, kamar daga wani gari dabam.

"Mu tsaya mu yi salla," in ji tsohon.

"Ɗagawa ɗaya ce. Don Allah, Baba."

Baba Saidou ya dube shi. Sannan ya sunkuya, ya ratsa bel ɗin, ya saƙala a ƙugiya, ya ja da baya kaɗan. Ya ɗaga hannu.

Gali ya ja liba.

Bel ya miƙe. Injin ya yi gurnani. Igwar ba ta motsa ba.

Ya ƙara ja. Allon da ke nuna nauyi ya fara hawa. Ya wuce abin da igwa irin wannan za ta yi. Ya ci gaba da hawa. Ƙararrawar gargaɗi ta soma kuka, ƙit, ƙit, ƙit. Ƙafar motar ta baya ta fara nutsewa a ƙasa.

Kiran sallar ya yanke. Ba ƙarewa ya yi ba. Yankewa ya yi a tsakiyar kalma, duk masallatan a lokaci guda.

Sai wari ya taso. Albarushi, irin na bindigar mafarauta. A ƙarƙashinsa akwai warin raƙumi, da tsamin gumin mutane masu yawa da suka daɗe ba su ga ruwa ba.

Fitilun motar suka dushe, suka koma ja kamar garwashi.

Gali ya ji wani sauti a ƙarƙashin ƙarar injin. Da fari ya ɗauka bugun zuciyarsa ne. Numfashi ne. Na mutane da yawa, suna saukewa tare.

Hah.

Shiru.

Hah.

Igiyar dabinon ta fara fitowa daga ƙasa. Yashi na zuba daga jikinta. Ta tashi, ta miƙe tsam, tun daga zoben igwar har zuwa dogon tudun, daidai tsayin kafaɗar mutum.

Ba ta rataye a iska ba. A kan kafaɗu take.

Gali na ganin masu kafaɗun kamar yadda ake ganin mutum ta cikin hayaƙi. A jere suke, ɗaya bayan ɗaya, duk sun sunkuya gaba. Babu riga, babu takalmi. Haƙarƙarinsu a waje. Inda igiya ta kwanta a kafaɗa babu fata, sai wani abu fari da ke ƙyalli. Winshi na ja sama, su kuma suna ja baya. Ba wanda ya ɗago kai.

Hannun Gali ya daskare a kan liba.

Na ƙarshen layin, wanda ya fi kusa da igwar, dogo ne siriri. Ya juyo da fuska a hankali wajen Baba Saidou. Leɓɓansa sun tsage. A kumatunsa akwai zane, irin na tsohon, layi bisa layi.

Ya yi magana. Da Hausa ya yi ta, wata tsohuwar Hausa mai nauyi, murya kamar ana jan busasshen kara a ƙasa.

"Sannu da isowa, ɗan'uwa. Kai ne aka aiko ka karɓe ni?"

Baba Saidou na tsaye, shebur a hannu.

"Kahwaɗata ta ƙare. Riƙa mini kaɗan, in sha ruwa."

Gali ya buɗe baki ya kira shi. Muryar ta maƙale a maƙogwaro. Ya sake gwadawa. Abin da ya fito raɗa ce.

"Baba. Kar ka karɓa."

"Kaɗan," in ji dogon. "In sha ruwa in dawo."

Gali ya ga fuskar tsohon. Ba tsoro ne a kanta ba. Irin kallon nan ne da yake yi wa mai buhu a bakin shago.

Shebur ya faɗi.

Baba Saidou ya miƙa hannu biyu, ya sa kafaɗa a ƙarƙashin igiyar.

Nan take bayansa ya lanƙwashe. Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa.

Hah.

Dogon ya miƙe tsaye. Ƙasusuwan bayansa suka yi ƙara ɗaya bayan ɗaya. Bai nemi ruwa ba. Ya taka ya wuce ta gefen Gali, kusa har sanyinsa ya taɓa masa kunci, ya fita ta ƙofar maƙabarta. Ƙafarsa ba ta bar sawu ba.

Sai sauran suka tsaya da ja.

Suka ɗago kai, dukansu.

Suna kallon Gali.

"Saura mu," wani ya ce daga tsakiyar layi.

"Saura mu."

Na kusa da Baba Saidou ya ɗan ɗaga igiyar daga kafaɗarsa, ya miƙo ta wajen motar. Yana murmushi. Bakinsa cike da yashi.

Gali ya fara Ayatul Kursiyyu. Ya kai tsakiya ta ɓace masa. Ya koma farko. Ta sake ɓacewa a wuri guda. Ya ji fitsari mai ɗumi na bin cinyarsa.

Layin ya sake sunkuyawa. Wannan karon igwar ta motsa, amma ba sama ba. Baya ta yi, wajen tudun. Motar ta karkata. Ƙafafun Baba Saidou na jan layi biyu a ƙasa. Na gaban layin ya riga ya nutse a cikin tudun har ƙugu. Na biyu na binsa.

Can ciki za su da shi.

Gali bai san inda tunanin ya fito ba. Ya tura liba gaba, ya saki. Ƙugiya ta sauko da gudu, bel ya yi laushi, igwar ta zauna a raminta da wani irin dum da ya ji a tafin ƙafa. Da abin da suke ja da shi ya daina turjewa, layin duka ya yi tuntuɓe gaba.

Igiyar ta saki, na ƙiftawar ido.

Ya yi tsalle daga motar. Ya rungumo tsohon ta ƙugu, ya fizge shi gefe da duk ƙarfinsa. Bai taɓa igiyar ba. Ta goge kafaɗar Baba Saidou, ta tafi da yankin riga da fata. Suka zube tare a kan tsakuwa.

Hannuwa na laluben ƙafarsa. Busassu, masu zafi.

Ya yi shuri. Ya saɓa tsohon a baya. Mutumin da bai kai buhun gero nauyi ba, yau kamar an cika shi da dalma. Gali ya yi ƙofa, yana jin numfashin a bayan wuyansa.

Hah. Hah. Hah.

Yana sa ƙafa a bakin ƙofa, igwar ta tashi.

Babu wuta, babu haske. Ƙara ce kawai, wadda ta shiga ta bayansa ta fita ta haƙoransa. Ya faɗi a kan fuska. Wani abu mai ɗumi ya gangaro daga kunnensa na hagu.

Ya tashi da rarrafe. Ya kama tsohon ta wuyan riga yana ja. Bai waiwaya ba.

A bakin gonar dabino wani hannu ya cafke shi. Ya yi ihu, sai a lokacin muryarsa ta dawo. Basudanen nan ne. Bai tambaye su komai ba. Ya ja su cikin ɗakinsa na bulo, ya sa sakata, ya kunna karatun Alƙur'ani a waya ya ƙure murya. Sannan ya zauna ya jingina bayansa da ƙofa, har gari ya waye bai tashi daga nan ba.

Da safe muhandis ya zo da mutane. Suka tarar da winshi a karkace, inji a mace, ƙafa ɗaya ta nutse har gindi. Bayan motar babu komai. Ƙaramar igwa na kan dandamali inda take tun farko, babbar na kwance a raminta, ƙasa ta rufe zoben. Abin da ya rage kawai layi biyu ne na sawun ƙafa da aka ja, sun tsaya dab da dogon tudun.

Muhandis ya daɗe yana kallon layukan. Ya sa aka janyo motar da wata mota, da rana tsaka, ya kulle ƙofar da hannunsa. Bai yi wa Gali faɗa ba, bai kuma tambaye shi abin da ya faru ba. Kafin Azahar ya sa hannu a hutun mutum biyu.

A asibiti suka ce dodon kunnen Gali na hagu ya fashe. Baba Saidou kuwa suka wanke kafaɗar suka ɗaure, suka ce ban da wannan lafiyarsa lau. Amma bai ƙara magana ba. Yana ci in an ba shi a baki, yana kallon bango. Da rana ta fara ja sai ya miƙe, ya sunkuya gaba, ya dunƙule hannu biyu a kan kafaɗa, ya kafa ƙafa a siminti. Gumi ya riƙa zuba a cikin sanyin nan. Ciwon ya buɗe, jini ya ɓata bandeji. Ba ya dainawa sai an idar da Isha'i, sannan ya zube kamar tsumma.

Gali ya je unguwar Malaz ya ɗauko Malam Uwais, wani ɗalibin jami'a ɗan Zariya da 'yan gida ke nema idan irin wannan ta taso. Ya yi kwanaki yana zuwa yana karatu a kan tsohon. Ranar ƙarshe ya ja Gali waje, suka tsaya a matakala.

"Malam, mutanen nan da na gani, matattu ne?"

"Matattu ba sa dawowa, Gali. Wanda ya tafi ya tafi, yana inda Allah Ya ajiye shi. Amma akwai halittun da ke zama a irin waɗannan wurare. Sun ga abin da aka yi wa bayin Allah a nan, sun ɗauki kamanninsu da muryarsu suna wasa da shi."

"To me ya sa karatun bai sake shi ba?"

Malam Uwais ya sunkuyar da kai. "Da kama shi suka yi, da abin ya zo da sauƙi. Shi ya miƙa hannu ya karɓa. Ka kai shi gida. Mu ci gaba da addu'a."

Gali ya kai shi. A jirgi Magariba ta same su a sama, ya danne shi a kujera da jikinsa yana ba mutane haƙuri. Daga Kano suka ɗauki mota zuwa Maradi, sannan wani ƙauye a arewa da gari. Matar tsohon, Delou, ta fito ƙofar gida da babban ɗansu Oumarou, magidanci mai faɗin ƙirji, wanda ya sauko da mahaifinsa daga mota a hannu.

Gali ya durƙusa a gabanta. Ya faɗa mata komai, har da maganar sallar da tsohon ya ce a tsaya a yi. Ya jira ta zage shi. Ta daɗe tana kallon mijinta a kan tabarma, sannan ta goge ido da bakin zane.

"Tashi, ɗana," ta ce. "Ko kai ba ka nan, in an ce mishi riƙa mini, riƙawa zai yi. Haka na aure shi."

Wannan ta fi masa zagi ciwo.

Ya wuce Gumel, ya sami Inna da rai, ya yi jinyarta har ta fara zama da kanta. Da hutu ya ƙare ya koma Riyad, amma bai ƙara hawa winshi ba. Ya nemi a mayar da shi kan ƙaramar motar rarraba burodi, albashi ya ragu, bai damu ba. Duk aikin da ya nufi yamma da gari, wajen Dir'iyya, wani yake roƙo ya je masa. Ya daina jinkirta salla ko da na minti ɗaya ne. Kunnen hagu ya mutu, ba ya jin komai da shi.

Ana dab da damina, wata ranar Juma'a da yamma, wayarsa ta yi ƙara a bakin wani shago a Malaz. Lambar Nijar ce. Ya sa ta a kunnen dama.

"Kawu Gali, Oumarou ne. Baba ya cika jiya da almuru."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta."

"Amin. An kai shi da sahe. Kawu, wani abu ya hwaru. Innata ta ce in gaya maka."

"Ina jinka."

"Makarar ta ƙi ɗaguwa. Baba da ya rame ya zama kamar kara, amma majiya ƙarhi suka taru, ko motsi ba ta yi ba. Liman ya yi karatu, aka sake gwadawa, shiru. Rana na ta yi. Daga baya wani baƙo da ke cikin jama'a ya ce a kawo igiya a ja."

Gali ya dafa jikin motar. "Wane baƙo?"

"Wani dogo. Bagobiri ne, amma ba wanda ya san shi. Shi ya kawo igiyar ma. Da aka ɗaura sai ta biyo mu sumul har makwanta."

Hayaniyar titi ta yi nisa.

"Oumarou. Wa ya karɓi igiyar daga hannunsa?"

"Ni mana, Kawu. Ubana ne."

Can wani masallaci ya fara kiran Magariba. A cikin wayar Gali ya ji numfashin Oumarou ya canja, ya yi nauyi.

"Kawu, bari in kira ka an jima," in ji shi a hankali. "Kahwaɗata ce ke ɗan yi mini ciwo."